Haƙorin Gwajin Masara

Mahaifiyata ba ta sayen hatsi da ido, da haƙori take saye. Tun ina 'yar ƙarama nake bin ta kasuwar Garatu ina riƙe mata buhunan wofi, kuma abin da na fara sani game da sana'arta ke nan. Za ta tsaya gaban tulin masara, ta soka hannu har gwiwa, don ta sama kowa ya san rana ta buge ta. Sai ta ɗebo daga can ƙasa, ta zaɓi ƙwaya guda, ta jefa a ƙuryar bakinta ta dama, ta ɗan karkata kai ta yi shiru. Idan ƙwayar ta fashe ƙwas, to ta bushe, ana iya ɗinke ta a buhu a jibge a ɗaki har kasuwa ta yi kyau. Idan kuwa ta lotsa kafin ta fashe, akwai sauran ruwa a cikinta, wanda ya ajiye irinta zai buɗe buhu wata rana ya tarar da fumfuna. Inna ba ta musu da mai kaya. Tofarwa take yi, ta ce Allah ya ba da kasuwa, ta wuce.

Har ta kai ƙananan 'yan sari ba sa wahalar da kansu. Bin ta suke yi daga nesa-nesa, inda ta tofar su kauce, inda ta ce a auna su yi layi a bayanta. Ta sani sarai, kuma tana jin daɗin abin, ko da yake in ka tambaye ta sai ta ce ita ba ta ma lura ba.

Amma haihuwa da goro da rake da masarar kanta duk sun ci rabonsu a bakin nan. Lokacin da na yi aure na fara koyarwa a wata firamare a Tunga, turmi ɗaya tak ya rage mata a ƙasa wanda yake da abokin haɗuwa a sama, wato babban haƙorin tauna na can ciki, gefen dama. Shi take kira alƙali. Ba don tuwo take tsoron rasa shi ba, tuwo ko ba haƙori ana haɗiye shi. Ta san ranar da alƙali ya faɗi, ranar sana'arta ta faɗi, kuma Inna ba irin matan da za su shimfiɗa tabarma su zauna jiran abin da 'ya'ya za su kawo ba ce. Tun rasuwar mahaifinmu da wannan haƙorin ta ciyar da mu.

Ciwon ya fara ne da ruwan randa. Daga nan shayi ma ya gagara. Ta sa kanumfari, ta sa tafarnuwa, ta kurkure da ruwan gishiri, duk a ɓoye, don ta san halina. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce mini, kuma ta sha faɗa wa mutane cewa bakina ba shi da linzami. Gaskiyarta ne. Ranar da na shigo na ga kuncinta ya yi suntum tana ƙoƙarin rufe shi da mayafi, ban tsaya neman shawararta ba. Na tsayar da keke napep a ƙofar gida na ce ko ta shiga da ƙafarta ko in tara mata unguwa.

Likitan haƙorin da muka samu matashi ne mai sanyin murya, irin waɗanda sai ka matsa kusa kafin ka ji abin da suke faɗa. Ya ɗauki hoton haƙorin, ya yi mata allurar kashe zafi, ya huda shi ta sama ya kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar. Da ya gama sai ya aiko a kira ni daga benci. Na shiga na same shi yana kallon hoton yana shafa gemu.

Ya ce haƙorin zai iya tsira, amma na Inna ba irin na kowa ba ne. A wurin yawancin mutane, in ji shi, saiwoyin turmi a rarrabe suke, kowace da siririyar hanyar da jijiya take bi, kamar ramin da tsinken tsintsiya zai shiga. Na Inna kuwa saiwoyin sun manne da juna, hanyoyin suka haɗe suka zama tsaga guda mai lanƙwasa. Ya naɗe tafin hannunsa ya nuna mini, kamar jinjirin wata. Wani wurin tana da faɗi, wani wurin ta matse ko reza ba za ta shiga ba. Kuma tunda an cire jijiya, dole a cike wannan tsagar kaf da wata irin roba, domin duk inda aka bar fili, nan ƙwayoyin cuta za su tare.

Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara tsaftar baki, ban taɓa sanin haƙori yana da lungu da saƙo a cikinsa ba. Na ɗauka dunƙulen ƙashi ne kawai.

Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a ɗauki robar a sanyinta, an yi ta sirara kamar tsinke, a zura babba ɗaya, a matsa ta gefe, a ƙara wata, a matsa, a ƙara wata, da ɗan gam a tsakaninsu, har wurin ya cushe. Ita ce tsohuwar hanya, ita ya fi gwanancewa a kai, kuma tana aiki. Sai dai tsinke zagayayye ne, tsagar Inna kuwa ba zagayayya ba ce, don haka ba zai rantse mini cewa ba za a bar ɗan fili a wurin da ta matse ba. Hanya ta biyu, a ɗumama robar da na'ura har ta yi laushi, a danna ta ta malala ta bi duk lanƙwasar. Ya faɗa mini ƙeƙe-da-ƙeƙe cewa ga irin wannan haƙorin shi ya fi son ta biyun, amma ba shi da na'urar. Akwai wata abokiyar aikinsa ta wajen Bosso da take da ita, in mun yarda zai tura mu.

Ni har na ce mun yarda. Ashe Inna, da bakinta a karkace saboda allura, tana jin komai.

A bayan gidanmu akwai wani mai liƙin robobi. Ƙarfe yake sa wa a wuta ya goga a jikin fasasshen bokiti, warin ya cika layi, mu yi ta tari. Abin da ya zo wa Inna ke nan.

"Ni ba bokiti ba ce," ta ce. "Ba mai narka mini roba a baki."

Na yi bayani, likita ya yi bayani, ya ce ba za ta ji zafin ba ko kaɗan. Na ɗaga murya har ma'aikaciyar da ke taimaka masa ta leƙo. Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce wannan yaron ta gani, hannunsa ta yarda da shi, a yi mata ta sanyin ko a bar ta ta tafi gida. Har muka iso Tunga fuskarta a juye take tana kallon shaguna.

Ranar da aka yi cikon, na sanyin da ta nace a kai, ina da jarrabawar yara, sai na sauke ta a asibitin na wuce makaranta. Don haka ban ga abin da aka zura mata ba, ita ma ba ta gani ba, tunda Inna in an kwantar da ita a kujerar nan runtse ido take yi tana salati har a gama. Likitan ya kira ni a waya daga baya. Ya ce aiki ya yi kyau, ya rufe saman da wani farin ciko na wucin gadi, amma lallai ta dawo ya sa na dindindin, sannan a yi wa haƙorin hula ta ƙarfe ko ta tangaran da za ta riƙe shi, domin haƙorin da aka rarake cikinsa ba ya jure duka. Kafin nan kada ta tauna komai mai tauri ta wannan gefen. Ya nanata maganar masara, don na gaya masa sana'arta. Na maimaita wa Inna, ta ce to. Wanda ya san Inna ya san "to" ɗinta iri biyu ne, kuma na ji wanda ta yi mini.

Ciwo ya ɗauke ɗif. A wurin Inna magana ta ƙare ke nan, don ita ba ta ga dalilin da mai lafiya zai koma asibiti ba. Duk sanda na tayar da zancen hula sai ta ce bari kaka ta wuce. Ni ma ayyuka suka sha kaina, ga makaranta ga gida, na riƙa tuna mata sama-sama. Sabuwar masara ta shigo, ta koma Garatu.

A Garatu tana da aminiya, wata Bagwariya Kirista mai noman masara da doya ita da 'ya'yanta. Tun kafin a yaye ni suke ciniki. In Sallah ta zo Inna takan aika mata cinyar rago, in Kirsimeti ta zo ita kuma ta aiko mana da shinkafa da zakara da ransa, don mu yanka da hannunmu. Mama nake ce mata. Ta goya ni, ta taɓa cire mini ƙaya a ƙafa ina tsala ihu. Mace ce da in kana ciwo ba ta iya zama ta zuba maka ido.

Wata ranar da la'asar na biyo gidan Inna daga makaranta, na tarar da su biyu a baranda, fuskokinsu wasai kamar an yi musu albishir. Inna ta yafito ni.

"Ke, zo ki ga ikon Allah."

Ta miƙo mini wata 'yar kwalbar turare da aka wanke aka zuba ruwa. A cikin ruwan akwai wasu abubuwa sirara, shida ko bakwai, tsawonsu bai kai gaɓar yatsa ba, launinsu kamar cikin jar gwaba, kowanne da tsini a gefe ɗaya. Wasu sun lanƙwashe. Na tambaya mene ne.

"Tsutsa ne," in ji Mama. "Daga hakorin mamanka na cire shi. Duka ya fita, ko daya bai rage ba."

Suka ba ni labarin suna karɓe wa juna. Ashe farin cikon ya daɗe da ɓarewa, wajen gwajin masara, Inna ta tofar da shi tare da ɓawon ba ta gaya wa kowa ba. Abinci ya riƙa shiga ramin, bakinta ya fara ɗaci, wani ciwo mai nauyi ya dawo, ba irin na da ba, na ƙasa-ƙasa. Ranar nan a kasuwa Mama ta ga tana dafe kunci, ta ja ta bayan rumfa, ta haska ramin da fitilar waya, sai ga jajayen kawuna sun leƙo. Nan take ta kai ta gida. Ta zuba 'ya'yan wani gautan daji da man kaɗanya a kan garwashi, ta kifa mazurari, Inna ta buɗe baki hayaƙi ya shiga, wai don su bugu. Sannan ta sa matsefata, irin wadda ake cire ƙaya da ita, ta riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka ƙi fitowa ta bi su da allura ta tono. Inna ta ce ko ɗigon zafi ba ta ji ba, kuma su biyun suka ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa hannun Mama mai albarka ne.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa zancen tsutsar haƙori camfi ne, har dariya nake yi musu in sun kawo shi. Yau ga shi a hannuna. Na girgiza kwalbar, na rantse a lokacin na ga ɗaya ta motsa. Na fita bayan gida na yi amai. Da na dawo tsoron ya juye ya zama fushi, kuma na san wanda zan sauke wa shi. Mutum ya buɗe haƙorin uwata, ya ga waɗannan, ya mayar ya rufe su a ciki, ya kira ni a waya yana cewa aiki ya yi kyau.

Washegari ban je makaranta ba. Na shiga asibitin ko sallama ban yi ba, na wuce mutanen da ke kan benci, na tura ƙofa. Allah ya sa ba kowa a kan kujera. Na dangwarar da kwalbar a kan teburinsa na ce ga abin da ya rufe a bakin mahaifiyata, ya duba da kyau. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta su a nan ba.

Ya ɗaga kwalbar wajen hasken taga ya daɗe yana kallo, na ga fuskarsa ta sauya. Ya zauna. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ɗan akwati falale, ya buɗe ya juyo mini shi. A ciki ga su nan jere reras, ɗaki-ɗaki, manya da ƙanana, masu launin cikin gwaba, kowanne da tsininsa. Ya zaro ɗaya ya ajiye kusa da kwalbar.

Na kalli na tebur, na kalli na ruwa, na sake kallon na tebur. Tsinkayen robar da ya yi mana bayani ne, waɗanda ya zauna ya jera ɗaya bayan ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma shi ba ta kunyata yake yi ba.

"Malama, da me aka ciro su?"

Na ce matsefata. Ya ce ita kaɗai? Na ce da allura. Ya runtse ido ya dafe goshi. Daga nan ya ɗauki waya ya kira abokiyar aikin nan tasa, ya ce mini in kai mata Inna yau, kada in bari sai gobe. Ya ba ni tsinken guda a cikin takarda, ya ce wataƙila zan buƙace shi.

Na buƙace shi kuwa. Inna ta ce ƙarya ne, likita ne yake kare kansa, ita da idonta ta gani. Ban yi gardama ba, abin da ni kaina ya ba ni mamaki. Na warware takardar na miƙa mata. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci. Sannan ta tsamo ɗaya daga kwalbar ta ɗora su tare a tafin hannu. Ta ɗauki na likita ta ciza da haƙoran gaba, ta tofar. Ta ɗauki na kwalba, ta ciza shi ma.

"Roba ce," ta ce.

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Da ta ɗago, abin da ta fara faɗa ba game da haƙorin ba ne. Ta ce kada in kuskura in gaya wa Mama, baiwar Allahn nan, ko da wasa, ko bayan ranta.

Likita ta biyun mace ce mai ɗan shekaru, da wani tabarau mai ƙananan madubai biyu a gabansa. An riga an turo mata hotunan ta waya. Kafin ta taɓa Inna ta nuna mana na'urar, ashe 'yar aba ce kamar biro mai igiya, ba hayaƙi ba wari. Na ga Inna tana satar kallonta. Ni kuwa abin da ke cina shi na tambaya, ba tare da kwana-kwana ba: da nan muka fara zuwa, da hakan ta faru?

Ta buɗe wayarta ta nuna mini hotuna biyu na haƙoran da aka cire wa wasu, masu irin tsagar Inna, waɗanda aka cike don gwaji sannan aka yanka a tsakiya. A na farkon, na sanyi, ana ganin kan tsinkayen cirko-cirko, sun taru a wuraren da ke da faɗi, siririn tsakiyar kuwa gam ne kawai, wani wurin ma duhu. A na biyun jinjirin watan ya cika daga wannan baki zuwa wancan, abu guda. Ta ce da irin wannan aka yi, da Mama ta haska ba za ta ga kan komai ba, kuma matsefata ba za ta sami abin kamawa ba. Har na buɗe baki zan ce ai na faɗa, sai ta ci gaba. Ta ce ta zafin ma tana da nata haɗarin, robar takan zarce ta fita ta ƙarshen saiwa, kuma zafi a kan bango mai rauni ba abin wasa ba ne. Ta ce ta ga hoton da aka ɗauka bayan aikin abokin aikinta, ita ba ta ga abin kushewa ba, da an rufe shi an sa hula da zai iya kai Inna shekaru. Babu ɗaya cikin hanyoyin biyu da aka yi don a bar ta a buɗe yawu yana jiƙa ta, babu kuma wadda aka yi don fasa busasshiyar masara.

Na zo neman wanda zan ɗora wa laifi, na rasa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Inna tana kwance a kujera, sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, irin wadda ban san ta da ita ba.

"Likita, ki narka ki zuba. Ko dalma ce na yarda."

Likitar ta dafa kafaɗarta ta ce bari ta duba tukuna. Ta wanke ramin, ta ɗiga wani shuɗin ruwa, ta sake wankewa, ta saukar da madubanta. Ta daɗe a sunkuye. Ina jin ƙarar kekuna a titi, ina ji kamar in fita in bi su. Daga baya ta ɗauki hoto da wata 'yar kyamara ta kira ni gaban kwamfuta. Shuɗin ya kwanta a kan wani layi siriri kamar gashi, ya taso daga gindin ramin ya gangara cikin saiwa. Kusa da shi akwai ɗan ɗigo baƙi. Ta ce a irin wannan haƙorin bangon da ke cikin lanƙwasar ba shi da kauri, bai fi ɓawon ƙwai ba. Ɗigon nan hudar allura ce. Layin kuwa tsagewa ce, kuma ba za ta iya cewa masara ce ta fara ta ko allura ba. Hudar kaɗai da ta gwada liƙewa. Amma saiwar da ta tsage, babu abin da za ta zuba ya tsaya, da zafi ko da sanyi.

Ni duk tsammanina sake cikawa za a yi, in sami abin yi wa Inna gori har shekara ta zagayo.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko za a iya bar mata shi kaka ta ƙare. Likitar ta ce ruɓar ta fara cin ƙashin muƙamuƙi, in aka jira abin zai fi haka. Ta ce daga baya ana iya yi mata na roba ko a dasa wani, za ta ci nama da shi. Inna ta ce zai ji masara? Likitar ta ce a'a.

Aka cire haƙorin, gida biyu ya fito. Likitar ta haɗa su ta nuna mana, saiwar a naɗe kamar ganyen da aka ninka. Inna ta karɓa ta ƙulle a haɓar zaninta. A keke, da auduga a bakinta, ta riƙa taɓa ƙullin tana saki.

Ta daina zuwa kasuwa. Ta ce gwiwa ce. Ƙananan 'yan sarin nan suka riƙa aiko gaisuwa suna tambayar yaushe za ta fito, ta ce a gaya musu sai ta ji sauƙi. Nakan same ta zaune a baranda da rana tsaka, mayafi a kafaɗa kamar mai shirin fita, ba ta zuwa ko'ina. Har rama ta yi. Wata rana Mama ta zo da doya a buhu, ta ga gurbin haƙorin, ta riƙe baki. Ina tsaye a ƙofar kicin na ji Inna tana ce mata ai tsutsotsin sun riga sun cinye shi tun kafin a gano su, ba don Mama ba ma da har yanzu ba ta barci. Mama ta yi ta jajantawa tana cewa da ta sani da ta duba tun da wuri. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. A rayuwata ban taɓa haɗiye magana mai nauyin wannan ba.

Ranar wata kasuwa da ta faɗo cikin hutun makaranta, Inna ta aiko a kira ni da sassafe. Na same ta ta shirya, buhunan wofi a naɗe. Ta ce in zo in riƙe mata. Ban tambayi gwiwa ba.

Muna shiga Garatu aka fara yi mata barka da fitowa, na ga 'yan sarin sun fara taruwa daga nesa-nesa kamar yadda suka saba. Ta nufi tulin wani dattijo, ta soka hannu har gwiwa, ta ɗebo, ta zaɓi ƙwaya guda. Hannun ya tafi baki da kansa, ya tsaya a hanya. Kowa yana kallo. Na kawar da kai don kada ta ga na gani.

"Ke," ta ce. "Tauna."

Na ce Inna ni ai ban iya ba, ban san bambancin ba.

"Ban ce ki sani ba. Tauna kawai."

Na jefa a baki. Ta kama haɓata ta jawo kaina ƙasa, don na fi ta tsawo, ta manna kunnenta a kuncina. Na ciza da ƙarfi. Ta ce ba haka ba, can ƙurya, in fara a hankali kafin in danna. Ta ba ni wata. Na yi yadda ta ce, na ji ƙwayar ta ɗan ba da kai sannan ta fashe. Inna ba ta ɗaga kunnenta nan da nan ba. Ina jin numfashinta a wuyana, ga ƙamshin man da take shafawa tun muna yara, sai hawaye suka zubo mini, a tsakiyar kasuwa, da ɗanyar masara a baki.

Ta sake ni, ta dubi dattijon ta ce masa da saura, a ƙara shanya ta, Allah ya ba da kasuwa. A bayanmu 'yan sarin suka kauce.

"Tofar," ta ce mini. "Akwai wasu a gaba."